Shekarar da Lonnie Ya Sha Kashi da Gangan

Lonnie Pruitt direban motar 'yan makaranta ne a nan Toledo, kuma ya daɗe yana riƙe da ƙungiya a gasarmu ta ƙwallon Amurka ta intanet. Kwamfuta ce ke ƙirƙirar 'yan wasan, ita ke buga wasan. Namu tsara dabara da musayar 'yan wasa. Lonnie bai taɓa ɗaukar kofi ba, amma dabara ba ta ƙare masa.

A ƙa'idarmu, wanda ya zo na ƙarshe shi ke fara zaɓe cikin sababbin 'yan wasa. Bara aka fito da wani gwanin jifan ƙwallo cikin sababbin da za a zaɓa, Lonnie ya ƙwallafa rai a kansa. Ya zaunar da gwanayensa a benci, ya yi ta shan kashi da gangan har gasar ta ƙare.

Ranar zaɓe muka taru a gidan Curtis, mijin ƙanwar Lonnie, wanda shi ma yana da ƙungiya a gasar, ana gashin nama. Lonnie ya buɗe kwamfuta, sai ga ƙungiyar Curtis a saman jerin masu zaɓe.

"Curtis, me ya kai ka gurbina?"

"Babban yaya, ka manta? Tun bara ka musanya mini zaɓinka na bana da mai tsaron baya." Curtis ya juya naman. "Na so in tuna maka, sai na ga kana ƙoƙari."