Jeren Dutsen Goggo Kande

A saman dutse aka haife ni, a wani ƙauye da ke hango Manchok daga nesa. Ba zan faɗi sunansa ba, don sunan ya sha jiki a bakin baƙi. Yanzu duk wanda ya sayi takalmin hawa dutse a Abuja gani yake ya fi mu sanin garinmu.

Muna yara, da zarar an gama girbin acha sanyi ya sauko, Kaka, uwar babanmu, takan hura wuta a tsakar gida tun rana ba ta gama faɗuwa ba. Mu zagaye ta, ni da yayana Iliya da 'ya'yan maƙwabta, kowa da dankalinsa a cikin toka. Goggo Kande, autar Kaka, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida, tana gefe tana ɓare gyaɗa. Da yarenmu Kaka take hira, amma tatsuniya da Hausa take yi, saboda babarmu 'yar Fadan Kaje ce, ba ta jin namu sosai. Hausar Kaka kuwa ta kanta ce, mace da namiji duk "shi" ne a wurinta. In muka yi dariya ta ce wanda ya ƙara, dankalinsa ya zama nata.

In ta miƙa hannu jin wuta, sai ka ga tafin duk ya tsage kamar bayan tukunya. Aikin dutse ne ya mai da shi haka. Gonakinmu a gangare suke, don haka tun kakanni ake jera duwatsu a yi 'yar katanga, a cika bayanta da ƙasa, a hau sama kaɗan a sake jera wata. Jere muke kiransu. Ba siminti, ba laka, dutse ne kan dutse, kowanne an juya shi har sai ya sami mazauni. Su ke riƙe ƙasa in ruwa ya zo. Na babanmu suna sama, na Goggo Kande suna ƙarƙashinsu daidai, kuma yawancinsu Kaka ce ta ɗora su da hannunta.

Takan fara da cewa ga wata nan ta gangaro daga dutse, mu ce ta ƙaraso mu gan ta. Wadda na fi tunawa ita ce ta Rema da Belbela. Rema dai kun san shi, ɗan dabbar nan mai kama da ƙaton ɓera marar wutsiya, da ke zama cikin duwatsu. Wata rana Belbela ta taso daga fadama da fararen kayanta, ta sauka ƙofar gidansa. Ya kawo mata ruwa. Ta dubi hagu, ta dubi dama, ta girgiza kai. A nan Kaka takan tsuke baki ta maƙale murya:

"Wayyo Rema, a nan kake kwana? Dutse gaba, dutse baya. Allah ya ji ƙanka tun kana da rai."

Belbela ta tashi ta bi gari tana ba da labarin irin wahalar da ta gano. Tsuntsaye suka riƙa zuwa kallo, kowa ya yi masa sannu ya tafi. Rema da bai taɓa sanin yana cikin wahala ba, sannu ta yi masa yawa har ya fara jin ciwo. Kunya ta kama shi. Ya tara 'ya'yansa suka yi ta mirgina duwatsun ƙasa har wurin ya zama fili fetal. Ranar da suka gama, Shaho ya zo wucewa. Babu rami, babu lungu. Ya ɗauke 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, Rema na kallo. Bayan kwana biyu sai ga Belbela ta dawo da ƙawayenta. Ta ce, haba Rema, ina duwatsun nan masu kyau, ai su na kawo baƙi su gani.

Mu dariya muke yi, don Kaka ta iya tafiyar Belbela, a zaune ma sai ta yi ta da wuya. Goggo Kande ce kaɗai ba ta dariya. Ta ce ita Rema ne yake ba ta haushi.

Kaka ta rasu ina sakandare. Na yi karatu, na zama malami, yanzu ni ne hedimasta a wata firamare a Kafanchan. Cikin 'yan shekarun nan gindin dutsenmu ya cika ya batse. Inda muke kiwon awaki yanzu gidaje ne masu jan rufi, da gidan mai, da shagunan sayar da waya. Kowace Asabar motoci su zo da samari da 'yan mata, jaka a baya, waya a hannu, su hau su yi ta ɗaukarmu kamar sun zo gidan namun daji. Wani ya sa bidiyon ƙauyenmu a waya, ya ce ya gano mutanen da duniya ta manta da su, wai ƙasarsu ba komai sai dutse. Ya gano mu! Ƙauyen da ya fitar da fastoci da nas-nas da sojoji tun ubansa bai san hanyar makaranta ba. Har yau in na tuna muryar yaron nan sai raina ya ɓaci.

Amma abin ya shige mu, gaskiya ke nan. 'Ya'yanmu da ke makaranta a ƙasa suka fara cewa su 'yan Manchok ne. Yaya Iliya, wanda shi ne shugaban ƙungiyar ci gaban ƙauye, ya kira taro bayan sujada ya ce ya gaji da a riƙa nuna mu da yatsa. Ya ce wani ɗan kwangila mai gina otal a ƙasa yana son duwatsu, in muka ba shi na jere zai kawo katafila ya fasa mana hanyar mota har ƙofar majami'a. Ni ne sakatare. Ni na rubuta takardar, da Turancina mai kyau, na ce duwatsun nan su suka hana mu ci gaba. Na karanta ta a gaban jama'a aka tafa mini, kaina ya yi girma.

Goggo Kande ta miƙe daga layin zumuntar mata ta ce nata ba mai taɓawa. Aka yi ta ba ta baki, har da fasto. Iliya ya ce tsufa ne. Ta ce to, tsufan ya ce a'a. Muka bar mata nata, muka ba da na babanmu da ke samanta. Ba wanda ya tsaya ya tambayi inda ruwa zai bi. Mu da aka haifa a wurin, mu da muka san amsar tun muna cin dankali a toka.

Tifa ta yi mako uku tana kwasa. Hanya ta zo, ban musa ba, na hau ta da babur ina jin daɗi. Damina ta biyo baya. Ruwan da jeren babanmu ke tarewa shekara da shekaru ya gangaro gaba ɗaya a kan gonar Goggo, ya fasa mata jere huɗu, ya kwashe ƙasa da achar da ke ciki ya kai rafi. Duwatsun suka mirgina har bakin sabuwar hanya, yaran tifa suka tsince su su ma. Gonar nan ita ce abincinta, ba ta da wata. Jere biyu suka rage mata, kuma kowa ya san in ba a tayar da huɗun da suka rushe ba kafin wata damina, su ma tafiya za su yi. Na ce ta sauko ta zauna wurina a Kafanchan. Ta ƙi.

Wannan shekarar, saura 'yan makonni ruwa ya sauka, ina ofis aka kira ni a waya wai an kama Goggo da sata a otal. Na hau babur na tafi. Otal ɗin kuwa, ku zo ku gani. An zagaye shi da katanga ta duwatsunmu, an shafa musu mai suna ƙyalli, baƙi na jingina da su suna ɗaukar hoto. A bayan ginin akwai ragowar tsibin duwatsun. Nan na same ta zaune a ƙasa, maigadi tsaye a kanta, ta rungume wani baƙin dutse mai faɗi. Na gane shi nan take. Yana da kwarmi a gefe, inda Kaka ke wasa lauje.

Manajan yaro ne, mai fara'a, sannu Baba, sannu Mama. Ya kori maigadin ya ce ai ba komai, ya ba ta dutsen kyauta. Ya ƙara da cewa ma an yi sa'a, don baƙinsa kullum tambaya suke ina gonakin nan masu hawa-hawa da aka ce akwai a sama, sun hau ba su gani ba. Ko Mama za ta zo ta jera musu 'yan ƙanana a gaban otal, a shuka acha kaɗan? Sai dai in za ta yi, ta cire takalmin roba ta ɗaura zane irin na da, ya fi kyau a hoto. Yana magana, wata baƙuwa ta riga ta ɗaga waya.

Na so in ɗaga murya, wallahi na so. Amma da wane baki? A tsaye a wurin na ga abin da ya sa Goggo ba ta dariya a bakin wuta. Belbela baƙuwa ce, abin da ta gani take faɗa, gobe ta ga wani ta faɗi wani, ba abin da ya sha mata kai. Wanda ya san amfanin dutsen, ya sa hannu ya mirgina shi don kada a yi masa sannu, shi ne abin haushi. Shekara arba'in ina ɗauka labarin wani sakarai ne a daji.

Goggo ta miƙe ta kakkaɓe zane. Ta dubi manajan.

"Yaro, ba a ba ni kyautar abin uwata. Ka riƙe kyautarka, ni na ɗauki nawa." Sai ta juyo gare ni. "Bulus, ɗauka."

Na ce bari in ɗaure shi a babur. Ta ce a kai ya hau da farko, a kai zai koma. Haka na tuɓe hula, ni hedimasta, da rigar aiki da takalmi sau-ciki, na ɗora dutsen nan a kaina. Muka ratsa ta gaban gidan mai, iyayen ɗalibaina na kallo, masu waya na bin mu. Ba ta bi hanyar mota ba, tsohuwar hanyar ƙafa ta bi, tana gaba ina baya. Sau uku ina tsayawa, ba ta waiwaya ba. Muka wuce ƙofar Iliya yana zaune, ya ga abin da ke kaina, ya tashi ya shige ɗaki.

Da muka isa na ga abin da take yi duk ranin nan ita kaɗai. Ta tayar da rabin jere ɗaya da duwatsun da take ɗaukowa daga rafi, mace mai shekara saba'in da wani abu. Saura uku da rabi, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas kowane yammaci. Ta karɓi dutsen, ta juya shi, ta sake juyawa, har ya zauna. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, na fara da Goggo ki yafe. Ba ta bari na ƙarasa ba. Ta dubi tsakiyar kaina inda fata ta saluɓe jini na tsattsafowa.

"Haƙuri ba ya tare ruwa," ta ce. "Gobe ka zo da gammo."