Ludayin Yashi da Zoben Baba

Shekarar da na kawo Baba Dubai ganin likita, wata Juma'a da yamma na fitar da shi daga ɗakina na unguwar Al Nahda zuwa bakin teku ya sha iska. Can la'asar ta same mu. Ya tsuguna a kan yashi yana alwala da ruwan gora, ya juya zobensa don ruwa ya ratsa ƙarƙashi kamar yadda ya saba. Sai da muka sallame, ya ɗaga hannu zai yi addu'a, muka ga yatsa wayam.

Zoben azurfa ne, marigayiya Inna ce ta sayo masa daga aikin Hajji. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannunsa babu shi ba. Muka yi ta tono da hannu har rana ta faɗi. Baba ya ce, "Bar shi, ɗan nan, rabo ne ya ƙare." Amma duk hanyar komawa yana murza gurbin zoben da babban yatsa. Na ce a raina wallahi ba zai koma Kano haka ba. Ni kuwa in na kafe, na kafe.

Abokin zamana yana da na'urar nan da ake shara da ita a saman ƙasa, ta yi ƙara in ta ji ƙarfe. Ya ara mini, sai dai abin haƙarsa ya karye. Washegari na ɗauki Baba muka nufi wani shagon kayan gini a unguwar Satwa.

Baba manomi ne, tambayarsa ta farko ita ce, "Ba su da fartanya?" Babu. Sai ya ɗauki shebur, ya ƙwanƙwasa bakinsa da farce, ya saurari amon, ya gyaɗa kai. Ni kuma idona ya riga ya faɗa kan wani ƙaton ludayin ƙarfe mai doguwar ƙota, jikinsa duk huji kamar rariya.

"Wannan mai yoyon?" in ji Baba. "Kai da ka gudu daga gona tun kana firamare, yau za ka koya mini haƙa?"

Na ce, "Baba, a ƙasar gona ban isa in ja da ku ba. Amma wannan yashi ne. Shebur zai kwashe zoben ya watsar tare da yashin, in kuma bakinsa ya same shi ya lauye shi. Wannan kuwa yashi zai zube, zobe ya tsaya."

Mai shagon ya ga ciniki, ya ce, "Habibi, ɗauki biyun, khalas, shi ke nan." Ludayin kaɗai na ɗauka. Ban yi shakka ko kaɗan ba.

Muka koma inda muka yi sallah. Na shimfiɗa wa Baba darduma, na fara shara. Na'ura ta yi ƙara, na tsoma ludayi, na girgiza: murfin lemo. Na sake, wani murfin. Baba ya samu abin tsokana, ya ce, "Sannu da tankaɗe. Yaushe za a ɗora tuwon?" Na ƙyale shi, don na daɗe ban ji yana dariya haka ba.

Can na girgiza, yashi ya tsiyaye, wani abu ya ce ƙwal a gindin ludayin. Zoben ne, ko ƙwarzane babu. Na ɗauraye shi, na durƙusa na zura masa, ina shirin in yi ta cika baki har gida.

Yana sauke hannu, zoben ya sulale ya faɗo tafina.

Sai a lokacin na dubi yatsunsa da kyau. Hannun da ya riƙe garma shekara da shekaru ya koma ƙashi da fata, ni kuwa kullum ina tare da shi ban lura ba. Tsoro ya kama ni.

Baba ya karɓi zoben, ya kamo hannuna na dama ya zura mini. Zoben ya zauna daram.

"Ka iya zaɓe," ya ce. "Riƙe shi, ni ya yi mini yawa."

Ludayin na nan a bayan ƙofa, ban sake amfani da shi ba. Zoben kuwa kullum in na zo alwala nakan juya shi don ruwa ya ratsa, kuma bai taɓa barin inda Baba ya sa shi ba.