Sunayen da Gogo Tapsabei Ta Ƙwato Daga Littafi

A zamanin da muke zaune cikin dajin Mau na ƙasar Kenya, ba a haihuwa a danginmu ba a aika an kira Gogo Tapsabei ba. Kakata ce, uwar mahaifina. Ita ke durƙusawa a kan jariri tana kiran sunayen waɗanda suka riga mu, ɗaya bayan ɗaya, har sai ya yi atishawa. Sunan da atishawar ta faɗa a kai, wannan kakan ne ya dawo, kuma sunansa yaron zai ci. Ni a suna na huɗu na yi tawa. Ƙanena Kiplimo kuwa sai da ya kai ta na talatin da biyu, kuma har ya yi gemu ba ta daina yi masa gori ba: "Kai tun ranar farko ka nuna min halinka."

'Yar ƙaramar mace ce, mai mayafin fatar rema, kullum tana ƙamshin hayaƙi da zuma. Dariyarta daga wancan tudun ake ji. Idan muna tafiya a daji takan nuna bishiya ta ce amyar wane ce a sama, ubansa wane, ga abin kunyar da ya taɓa yi. Wallahi ina kewar waɗannan tafiye-tafiye.

Ina aji biyu wata Baturiya ta zo da rikoda, wai za ta rubuta tarihin ƙabilarmu ta Ogiek. Gogo ta laƙaba mata Mai-Tambaya. Shekara biyu tana bin Gogo kamar jela.

"Mai-Tambaya," in ji Gogo, "ke ba ki da matattu a gidanku ne, kike farautar na mutane?"

Duk da haka ta ba ta komai, ta koya mata cin zuma da 'ya'yan ƙudan da ke ciki, ranar rabuwa kuma dukansu suka yi kuka. Bayan shekaru littafin ya iso, da Turanci, mai kauri. Gogo ta auna shi a tafin hannu, ta ce bai kai nauyin abin da ta faɗa ba, ta jefa shi cikin tsohuwar jakar zuma. Ni da na zama malamar makaranta ma ban taɓa buɗe shi ba. Mai kaka a gida me zai yi da littafi?

Daga baya aka fitar da mu daga dajin. Muka koma gidajen kwano a garin Mariashoni, muna noman dankali. Aka sare bishiyoyin da Gogo ke nunawa, ita kuma tsufa ya soma cin ƙwaƙwalwarta. Wata rana ta kira ni da sunan mahaifiyata, wata rana ta tambayi ko mijinta, wanda ya rasu tun kafin a haife ni, ya sauko daga bishiya.

Da safiyar wata Talata matar Kiplimo ta haifi namiji. Muka riƙo Gogo muka zaunar da ita. Ta kira suna biyar, ta tsaya. Ta sake daga farko, ta tsaya a wuri guda. Yaron ko gezau. Matan ɗakin muka haɗa abin da muka sani, bai kai goma ba. Ni da na haddace manyan biranen duniya ina koyar da yara, kakannina huɗu kawai na iya kawowa. Mai jego ta juya fuska ga bango. Yaron da babu kakan da ya amsa masa, baƙo ne a gidan ubansa, kuma kowa a ɗakin ya san haka.

Sai na tuna da jakar. Na ɗauko littafin, shafukansa na manne da zuma, na soma karantawa ina fassarawa.

"Akwai wani Kibet, wanda ya faɗo daga bishiya ya karya ƙafa, amma bai bari ɗigon zuma ya zube ba."

Gogo ta ɗago kai. "Wane Kibet? Uban wa ya ce Kibet? Sigilai ne! Har ya mutu yana ɗingishi yana fankama."

Na koma shafin farko. Ga shi a rubuce: an sauya sunayen mutane duka don a rufa musu asiri. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara biyu tana shan zumarmu, abu guda da muke buƙata shi ne ta goge! Na faɗa wa Gogo, ina shirin jefar da littafin.

"Ke dai ci gaba, 'yar nan," ta ce, tana gyara zama. "Mu ji sauran ƙaryar."

Na ci gaba. Wanda ɓauna ta kora ya kwana biyu a reshe, littafi ya ce Kiprono, Gogo ta ce Maritim ne, matsoracin banza. Wanda ya yi wa surukinsa kyautar amya marar ƙudan zuma, Chelule. Fushi ya dawo mata da abin da lallashi ya kasa. Ina karanta aiki, tana ƙwato suna, tana sunkuyawa ta kira shi a kunnen yaron. A na goma sha bakwai, Tuimising, mutumin da ya raba zumarsa gida-gida a shekarar yunwa, yaron ya yamutsa fuska ya yi atishawa. Guɗar da aka rangaɗa, Kiplimo daga gona ya ji ta.

Kwana uku na yi a gabanta da fensir, ina soke sunan ƙarya ina rubuta na gaskiya a sama. Na daina jin haushin Mai-Tambaya, don halin kowa ta kama shi daidai. Muka samu suna sittin da ɗaya. Saura mutum guda, a babin ƙarshe: wata mata mai kimanin shekara hamsin, wai Chebet, mai ƙarar dariya, wadda ke riƙe da sunayen dangi duka a kanta.

Gogo ta daɗe tana nazari.

"Wannan ban san ta ba," ta ce. "Amma da mun haɗu da mun shirya."

Na fita bayan ɗaki na yi kukana, na dawo na soke Chebet, na rubuta Tapsabei da biro.

Da damina Gogo ta rasu. Yanzu ni ake aikowa a kira, nakan je da littafin a cikin jakar zuma. Tun daga lokacin an haifi mata uku a danginmu, kuma kowace da sunan Gogo nake fara mata. Ba wadda ta yi atishawa a kai. Ban damu ba, na san halin tsohuwar, sai ta gama ja mana rai. Matar Kiplimo na da ciki wata bakwai.