Katangar Yamma

Yana tura sandar ƙarfen cikin tsagar ƙasa a hankali, kofin jabana, gahawar garinmu, yana hucewa a kan bulo kusa da ƙafarsa. Haka Usta Cindo, babban magini, yake yi kowace safiya ta rani, yau shekara arba'in. Inda sandar ta tsaya sai ya dafe da babban yatsa, ya zaro ta, ya auna. Ran nan, a filin wasan makarantar 'yan mata ta unguwarmu, ƙasa ta haɗiye kamu uku cur.

Duk wanda ya zauna a Gadarif ya san halin baƙar ƙasarmu. Da rani ta buɗe baki kamar mai ƙishirwa, da damina ta sha ta kumbura ta ture duk abin da aka ɗora mata. Ita ke ba mu dawa da riɗi, ita ke karya mana gidaje. Cindo bai koyi wannan a takarda ba. An haife shi a wajen Mafaza, ubansa mai yankan riɗi ne a manyan gonakin Doka. Katangar farko da ya gina, yana ɗan shekara ashirin, ta tsakar gidansu ce. Daminar farko ta kwantar da ita a kan rumfar girkin uwarsa. Tsohuwar ta rayu, amma da ɗingishi ta shiga kabari. Tun daga ranar bai ƙara kafa tushe ba sai ya tambayi ƙasa iyakar bakinta, sannan ya haƙa ya wuce wurin. Shi ya sa a garin nan idan aka ce Cindo ne ya gina, uwa tana shimfiɗa wa jaririnta a gindin bango ta tafi ɗebo ruwa.

Da wata ƙungiya ta ɗauki nauyin kewaye filin wasan, ba bulo aka kawo ba. Allunan kankare ne da aka zuba aka busar a wani gari, kowanne ya fi ƙofar masallaci faɗi, fuskarsa sumul da zanen ganye. Lori ya kawo su, injin ɗaga kaya ya sauke. Aikin mai sauƙi ne a ido: a kafa ginshiƙai masu kwari a gefe, a zura allo tsakanin kowane biyu. Cindo ya shafa su da hannunsa mai yatsa shida ya yaba. Bai taɓa ƙin sabon abu don sabuntarsa ba. Ya ce wanda ya zuba su ya san aikinsa, siminti bai yi ƙaranci ba, rodi ma haka.

Takardar zanen ce ta ɓata masa rai. Ta ce ramin ginshiƙi kamu ɗaya da rabi. Wanda ya zana ta, ko waye shi, a kan tsakuwa yake zaune, bai taɓa ganin akuya ta karye a tsagar fili ba. Cindo ya gaya wa Eltayeb ɗan kwangila, ya gaya masa sau uku. Eltayeb ya yi dariya ya ce usta yana so ya haƙa rijiya ne ko katanga. Cindo ya ɗauki digarsa. Ya kama gefen gabas, ya haƙa kamu huɗu, ya zuba yashin rafi a ƙasa, ginshiƙi bayan ginshiƙi. Aikin ya ci kwanaki. Ranar buɗe fili ta matso, manyan baƙi an riga an gayyace su, sai Eltayeb ya kwaso wasu leburori ya ba su gefen yamma. Kwana biyu suka gama. Aka shafa fenti, katangar ta yi kyau kamar amarya.

Gefen yamma kuwa shi ne mai inuwa da la'asar. Nan 'yan mata za su jeru su jingina bayansu suna kallon ƙwallon raga. Cikinsu har da Raniya, jikar Cindo.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, babu wanda bai sani ba. Leburorin 'ya'yan ƙasar nan ne. Malaman ma a gidajen da suka tsage suke kwana. Amma takarda ta zo da hatimi daga nesa, kowa ya sunkuyar da kai, kamar ƙasa ta iya karatu.

Ana gobe buki aka kira Cindo ofishin shugabar makaranta, Ustaza Hanadi. Iyayen yara sun ce ba su yarda da allunan ba sai sun ji Cindo ya sa hannu, don haka takardar kammala aiki tana jiran sunansa. Ya shigo da sandarsa da gwangwanin tumatir biyu. Ya ajiye su a kan tebur, kusa da shayin Eltayeb. Dukansu ya cika su da busasshiyar ƙasar filin daidai baki, ɗaya ya zuba mata ruwa tun jiya. Wadda ta sha ruwan ta taso ta yi tozo, ta fi bakin gwangwanin.

Eltayeb ya ture su da bayan hannu. Ya ce injiniyoyi sun yi lissafi, allunan nan an kafa irinsu a manyan birane, kuma ba a kira usta don ya koyar da darasi ba.

"Ya usta, sa hannu kawai. In ta tsage, ni zan gyara."

"Ba tsagewa za ta yi ba, ya Eltayeb. Bulo ne ke tsagewa, ya yi maka kashedi shekara guda. Wannan allo ne. Gaba ɗaya zai kwanta."

Ustaza Hanadi ta yi magana a hankali. Ta ce shekara nawa 'yan matan nan suna wasa a buɗaɗɗen fili, maza na tsayawa a kan babur suna kallonsu, har wasu iyaye suka hana 'ya'yansu fita. In aka fasa bukin, ba ta san ranar da za a sake tuna da su ba. Ta kira shi baba, ta roƙe shi. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganarta ta fi ta Eltayeb ciwo.

Cindo ya ce a ba shi kwana goma da injin, ya cire allunan yamma, ya sake ramukan, ba ya son ladan ko kwana ɗaya. Eltayeb ya ce injin ya riga ya tafi garin Fau, kuma akwai magina da yawa a gari masu hannu da biro.

Tsohon ya ja takardar gabansa. Ya daɗe yana rubutu, don hannunsa ya fi sabawa da cokalin gini. Da ya ture ta, ga abin da ke kai: gefen gabas, Cindo. Ƙarƙashinsa ya ja dogon layi ya bar wurin fari.

"'Yata," ya ce wa shugabar, "daga ruwan farko, kada yarinya ta zauna a inuwar yamma. Su sha rana a gabas. Zan faɗa a masallaci, zan faɗa a kasuwa, kuma a gidana zan fara."

Eltayeb ya ce in ya yi haka ba zai ƙara riƙe aiki a hannunsa ba. Cindo ya dube shi kamar yadda yake duban bulon da bai sha ruwa ba. Ya bar masa gwangwanayen a kan tebur, ya ɗauki sandarsa, ya fita.