Dutsen Kaka Yana Ƙasan Tafki

Shekara uku cif ke nan da rasuwar kakana, Malam Sale na Bukuru, Allah Ya jiƙansa. Na so in rubuta yabo irin na manya, amma raina a ɓace yake, sai ku yi haƙuri da ni.

Kaka mahaƙin kuza ne, da kuza ta ja baya ya koma jan babbar mota. A wata tafiya ta wajen Gombe, inda ake fasa dutsen siminti, ya tsinto wani dutse mai siffar dodon koɗi a naɗe, girman tafin hannu. A makaranta na sha cewa ya kai tayar keke, amma yau ranar gaskiya ce. Yakan ɗora mini shi a hannu ya ce, "Amarya, wannan dabbar teku ce. Ta mutu, laka ta rufe ta, ta zama dutse tun ba mutum a duniya. In na tafi, naki ne." Ni kuma in ce, "Tsoho, ashe akwai wanda ya girme ka!"

Da ya rasu, Baffa Lawal, ƙanen babana, ya ce dutsen yana kulle a akwatin Kaka, sai na cika sha shida. Na yarda. Shekara uku ina wuce akwatin nan da ladabi kamar suruki.

Bana malamar kimiyya ta koya mana cewa irin waɗannan duwatsu su ne shaidar daɗewar rai a doron ƙasa, wasu ma suna ɗauke da alamun ƙananan halittu na biliyoyin shekaru. Na miƙe a gaban aji na ce ranar Litinin zan kawo namu, tunda Asabar nake cika sha shida.

Ran Asabar aka buɗe akwati. Babu dutse.

"Baffa, ina dutsena?"

"Au, ba ki manta ba? Ke Hauwa, tun ran sadakar bakwai muka jefa shi tafkin tsohon ramin kuza. Gwaggonki ta ce kayan asiri ne, tun da ya shigo gidan nan tari bai bar Baba ba."

"Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana shaƙar ƙurar rami?"

"To ki tsinci wani mana. Duwatsu ne suka ƙare a Jos?"

Nan ne abin ya fi ciwo. Duwatsunmu na Jos daga narkakken dutse suka fito. Ko ka fasa su duka, ƙafar sauro ba za ka samu a ciki ba.

Da Kaka na nan, na san maganar asirin dariya zai yi mata har tari ya sarƙe shi. Amma ƙaryar shekara uku da aka yi wa jikarsa, wannan ba zai yi mata dariya ba.

Ran Litinin na je hannu rabbana, aji ya ɗauki ihu. Malama ta miƙo mini alli ta ce in zana. Na zana shi zagaye bayan zagaye, har ɗan ɓallin da ke gefensa. Ta buɗe littafi, sai ga irinsa sak. Masu ihun nan suka matso suna leƙen littafin. Ashe abin da Kaka ya ɗora mini a hannu bai bi dutsen cikin ruwa ba.

Baffa kuwa kullum ina gaishe shi, don Kaka bai koya mini raina manya ba. Amma jiya da ya ce zai adana mini hular sanyin Kaka sai na girma, ɗauka na yi na sa a kaina, na fita da ita cikin tsakar rana.