Tururuwar Rilwanu Tela

Rilwanu ɗan unguwarmu ne a New Bell, cikin Douala. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗinki a rumfa ɗaya ta wajen Kassalafam, da keken ƙafa da ya gada wurin ubansa. Ni kuwa, a zamaninmu, malaman mishan sun hore mu kada mu ajiye takarda sai mun karanta ta har ƙasa. Shi ya sa har yau maƙwabta suke kawo mini duk abin da aka rubuta da Faransanci.

Ciwon suga ya kama shi a 2016. Yana shan ƙwayoyin asibiti, amma bai yarda da na'urar gwaji ba. Gwajinsa irin na iyayenmu ne: ya yi fitsari a gindin katanga, an jima ya koma ya duba. In tururuwa ta taru, suga ya hau.

A Yulin bara ya kawo mini kwalba daga Kasuwar Dakar ta nan garin, jiƙon saiwoyi da zogale.

"Baffa, karanta mini."

Na karanta. Wai tana warkar da cuta ashirin da bakwai, daga basir har cutar kansa. Babu sunan mai haɗawa, babu ma'auni.

"Rilwanu, mai irin wannan magani me zai sa ya ɓoye sunansa? Ci zogalenka a kwaɗo, amma kada ka bar ƙwayoyin."

Ya yi dariya. "Ku 'yan mishan, in ba Bature ya rubuta ba, ba kwa yarda."

Bayan mako biyu ya zo da fara'a: kwana goma babu tururuwa ko ɗaya, ya ajiye ƙwayoyin. Na ce ya je a gwada jininsa, ya ce tururuwa ba ta ƙarya. Abin da ban tuna ba, kuma yana cin raina har yau, shi ne a Yuli ruwan Douala ba ya ɗaukewa. Gindin katangar ya zama kududdufi, tururuwa ta ƙaura.

A Satumba ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa, bai ji ba. Matarsa Delu ce ta fara jin warin. A Nuwamba likitoci suka yanke ƙafar daga gwiwa, ta dama, wadda yake taka keke da ita.

Yanzu a ƙofar gida yake wuni, yana sa maɓalli da hannu. Keken yana ɗaki, an lulluɓe shi da zane. Jiya na tsaya mu gaisa, ya nuna mini katangar da sandarsa.

"Baffa, ka ga tururuwa ta dawo."