Malamar Gona da Ta Ƙi Raba Mataccen Iri

Kafin masinja ya buɗe ofis, malamar gona ta riga ta iso. Takan jingine tsohon babur ɗinta a bakin sito, ta yayyafa wa tiren gwajin iri ruwa, ta cusa littafi da igiyar awo a jaka, ta kama hanyar ƙauye. Kujerarta kuwa, kyanwar ofis ta fi ta sanin daɗinta. Shekara talatin da ɗaya ke nan a haka. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, a kan matakin da aka maƙale ta shekara goma sha biyu, kuma dalilin maƙalewar ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba da tafi manoma suka karɓe ta ba. Ranarta ta farko wani dattijo ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "'Yata, ke a takarda kika ga noma. Ni da fartanya aka yaye ni."

Ta ce, "Baba, ara mini kunya biyu a gefen gonarka in shuka. In taka ta fi, na zama ɗalibarka."

Ya yi dariya ya ce, "Kunya kike nema? Za ki sha ta kuwa."

Ta kuwa sha, domin a wannan shekara masarar tsohon ta ninka tata. Maimakon ta ɓuya, sai ta zauna a gabansa da littafi har ya nuna mata inda ruwa ke kwanciya a gonar. Da damina ta zagayo, tata ta fi. Tun daga nan ya zama mai tara mata jama'a.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, aka cika siton ofis da buhunan irin masara don a raba wa manoma, ga hadari ya fara haɗuwa. Ta ɗebi ƙwaya ɗari, ta naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ta jira mako guda. Goma sha tara suka tsiro. Ta ɗebo daga wasu buhunan, labarin bai canza ba. Mai kula da sito, wanda ya ba ni wannan labari, yana tsaye lokacin da ta ajiye tiren a kan teburin shugaban sashe.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, irin nan ya mutu."

Shugaban ya ce, "Malama, rabawa aka ce ki yi, ba bincike ba. Ga takardarsa nan da hatimi."

"Hatimi ba ya tsirowa, ranka ya daɗe."

"To, ko ki sa hannu, ko ki ajiye makullin babur ɗin ofis."

Ta ajiye makullin kusa da tiren, ta yi sallama.

A gida maigidanta ya ce, "Haba, uwar yara! Ke kika sayo shi ne? Ki sa hannu mu zauna lafiya."

Ta ce, "In na raba, fuskata za su tuna ranar da gona ta ƙi fitowa."

Washegari ta tarar ya yi wa kekensa iska. Ya ce, "Ga shi nan. Amma ki kula, birkin baya ba ya ci."

A kan wannan keke ta zagaya ƙauyuka goma sha ɗaya cikin kwana tara. Ba ta ce wa kowa ya ƙi irin gwamnati ba. Koya musu kawai ta yi, maza da mata, yadda za su ƙirga ƙwaya ɗari su jiƙa su gani da idonsu. Da motar rabo ta iso, manoman suka karɓi ɗan kaɗan suka ce a ba su mako ɗaya. Bayan makon kowa ya koma ga irin da ya adana a rumbu. A ƙauyukan da ba ta kai ba, shuka ta fito giɓi-giɓi kamar bakin tsoho, aka sake shuka a makare, girbi ya yi ƙaranci.

Rahoton ofis ya ɗora laifin a kan ruwan sama. Ita kuma aka ba ta takardar tuhuma, aka toshe mata ƙarin girma. Har yau ba wanda ya ce mata yi haƙuri, ita ma ba ta roƙa ba.

Bara wata mai bincike daga jami'a ta zo da takardun tambayoyi a kan yadda ake ba manoma shawara. Ta tambayi wata gwauruwa sau nawa malamar gona ta ziyarce su. Matar ta ce, "Yarinya, ana ƙirga zuwan 'yar gida ne?" Mai binciken ta rasa akwatin da za ta cika a takardar. Abin da ta rubuta a gefe shi ne, a ƙauyukan nan ba mai shuka iri bai gwada ba, har surukai na koya wa matan 'ya'yansu.

Malama, ke ce dutsen da ba a ture shi da tsawa. Ke ce kika yarda a danne miki mataki, ba ki yarda a danne wa talaka damina ba. Waɗanda suka tsallake ki suka hau sama, a nuna mana gona ɗaya da ke ambaton su!

Na tambaye ta me za ta yi bayan ritaya. Ta ce, "Ofis zan bari, ba gona ba. Tsutsa ta shiga waken wasu mata, Litinin suna jira na."

Mun gode, Malama. Allah ya ƙara lafiya, ya saka miki da abin da ofis ya hana ki. Ku kuma sababbin malaman gona, wata rana za a ce ku faɗa wa manomi abin da kuka san ƙarya ne. Ranar nan ku tuna an yi wata mata da ta ce a'a, kuma ƙauyuka goma sha ɗaya suka ci abinci.